JAWABIN KWAMITIN SHAWARA DA TA'AZIYYA A BIKIN CIKA SHEKARA 50



Yau ranar murna ce, amma a cikinmu akwai masu ɗauke da nauyi a zuciya: ma'auratan da ba su ga maciji, gwauraye, da 'yan'uwan da suka gudo daga Borno da Adamawa a 2014, waɗanda har yanzu barci ke gagararsu.

Abin da muka koya cikin wannan hidima shi ne, kalmar "a yi haƙuri" ita kaɗai ba ta warkar da ciwo. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana 7 ba su ce uffan ba. Sai da suka buɗe baki suka ƙara masa baƙin ciki. Saboda haka mai ba da shawara ya fara da saurare. Ya kuma riƙe asiri, gama ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ma'aurata, zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Ku zo tun tsagar ba ta zama rami ba. Amma duka ba saɓani ba ne, laifi ne, dokar Tarayya ta 2015 ma ta hana.

Wanda firgita ko tunanin kashe kansa ya dame shi, mu yi addu'a tare, mu kuma raka shi wurin likita. Akwai asibitocin Tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri. Zuwa can ba rashin bangaskiya ba ne.

Ƙofarmu a buɗe take. Ubangiji ya ta'azantar da mu duka. Amin.