Jawabi: Wa Ke da Ikon Cin Tarar Gidan Rediyo?



Ga ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal, akwatin rediyo shi ne manzon da ke kawo labarin gida. Saboda haka duk shari'ar da ta shafi bakin gidajen rediyo da telebijin, ta shafi kunnensa.

Kafin shekarar 1992, gwamnati kaɗai ke mallakar irin waɗannan gidaje a Nijeriya. A wannan shekara ce gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Dokar Soja mai lamba 38, wadda ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, ta kuma kafa Hukumar Kula da Watsa Labarai ta Ƙasa, watau NBC, don ta sa musu ido.

Gardama ta taso ne a kan tara. Ranar 1 ga Maris, 2019, hukumar ta ci tashoshi 45 tarar Naira 500,000 kowacce, bisa zargin sun karya ƙa'ida lokacin zaɓe. A watan Agusta na 2022 kuma ta ci Trust TV tarar Naira miliyan 5 saboda wani shiri a kan 'yan bindigar Arewa maso Yamma.

Wata ƙungiya mai suna Media Rights Agenda ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. Hujjarta ita ce, hukumar ce ta rubuta ƙa'idar, ita ta yi zargi, ita ta yanke hukunci, ita kuma ta nemi a biya. Ranar 10 ga Mayu, 2023, Mai Shari'a James Omotosho ya soke tarar 2019, ya hana hukumar sake cin tara, domin sashe na 6 na Tsarin Mulki kotuna ya danƙa wa ikon shari'a. A watan Janairu na 2024 Mai Shari'a Rita Ofili-Ajumogobia ta soke tarar Trust TV.

Masu goyon bayan hukumar suna da tasu hujjar, kuma ba ta raini ba ce. Magana zarar bunu ce. Kalma guda ta tunzura jama'a a rediyo tana iya jawo rigimar da za ta fara cin baƙo a Sabo. Amma alƙalan nan ba su ce a bar gidajen rediyo su yi yadda suka ga dama ba. Abin da suka ƙi shi ne mai ƙara ya zama alƙali. Tashar da ta san ana iya cin ta tara ba tare da an saurare ta ba, za ta riƙa haɗiye labari mai ɗaci, ko da kuwa na garin mai sauraro ne.

Idan tasha ta yi laifi, a kai ta gaban alƙali ta kare kanta.

Wassalam.