Idonmu biyu, hannunmu cikin kwano

Iyayenmu mata, shugabannin ƙungiya, 'yan uwa na nan Dutsin-Ma da waɗanda suka taso daga Kurfi tun da sassafe, sannunku da zuwa.

An ce mu yi magana kan jari da adashi. Ku yi mana haƙuri za mu ɗan kauce, don jikin da ke neman kuɗin shi ma yana da tasa magana.

Mu masu zaman kasuwa, da yawanmu an auna mu a asibiti an ce hawan jini, wasu ciwon suga, aka ce mu rage ƙiba. Muka ce to. Da rana ba wuya, ciniki ma ba ya barin mutum ya ci, goro ne da ruwan leda har la'asar. Dare ne ke kayar da mu.

Kowa a nan ya san abin da ya raba mu da barci. Tun da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan Kurfi, Safana, Batsari da gefen garin nan, kare ya yi haushi ko babur ya wuce, shi ke nan ido ya bushe. Ga lissafin bashi yana yawo a kai. Sai hannu ya kai ga ragowar kayan sayarwa: gyaɗa, cincin, ƙuli-ƙuli, ko a ɗumama tuwo ƙarfe ɗaya na dare. Wallahi akwai wadda ta cinye ribarta ta mako a kan gado, ba za mu nuna ta ba, tana nan tana dariya.

Mun ɗauka kwaɗayi ne, muna ta zargin kanmu. Ma'aikaciyar lafiya ce ta fahimtar da mu cewa babba yana bukatar barcin awa 7 ko fiye, kuma idan bai samu ba, jiki kan ƙara kiran yunwa, ya fi son zaƙi da maiƙo. Ta ce abin da ke cikin goro da shayi mai hana barci yakan ɗauki awa 5 zuwa 6 kafin rabinsa ya bar jiki. Ashe goron la'asar ne ke zaune da mu har tsakar dare.

A nan ajin yaƙi da jahilci ya yi mana rana. Muka ware shafi a bayan littafin lissafi, muna rubuta abin da muka ci da lokacin da muka kwanta. Rubutun a karkace, amma bai yi ƙarya ba: ranar da muka wuni da yunwa, ranar muke ɓarna da dare.

To yanzu muna tafiya kasuwa da abincinmu, ko ɗan wake ne ko kwaɗon zogale, mu ci da azahar a zaune. Tuwon dare bayan magariba, ba bayan isha'i ba. Goro ya tsaya daga azahar. Kayan sayarwa kuma ba ya kwana ɗaki ɗaya da mu. Idan yunwa ta matsa, kokwamba ko ruwan ɗumi. Waya ce har yanzu ta gagare mu, don ta nan ake jin labarin ko lafiya, ta nan kuma jita-jitar WhatsApp ke tsinka mana zuciya.

Ba mu ce mun gama ba. Daren da aka ji harbi, babu dabarar da ke kawo barci. Kuma in kin fara saɓule zane, sai dangin miji su ce ko ba a ciyar da ke. Ki bar su.

Roƙo biyu gare ku. Mai shan maganin suga kada ta tsallake abinci sai ta tambayi likita. Shayin rage ƙiba da ake tallarsa a kasuwa kuwa, ku riƙe kuɗinku. Wadda maigida ke cewa tana minshari har numfashinta na ɗaukewa, ta faɗa a asibiti, ba abin kunya ba ne.

Na'urar awon jini tana bayan rumfa, kowa ta tsaya a auna ta kafin a raba abinci.