Manomin da Ya Shiga Majalisa

Yau zan ba ku labarin wani manomi na ƙasar Amurka, sunansa Debid Kuroket.

An haife shi a shekarar 1786 a ƙasar Tenesi. Ubansa matalauci ne, bashi ya yi masa katutu. Da aka sa yaron a makaranta, kwana 4 kaɗai ya yi, ya yi faɗa da wani yaro. Don tsoron bulala ya gudu daga gida, ya bi masu kora shanu. Sa'ad da ya komo ya kusa zama saurayi, amma ko baƙi ɗaya bai sani ba.

Shekara guda ya yi yana ƙodago a wurin mutum biyu, har ya biya wa ubansa bashin dala 76. Sa'an nan kunyar jahilci ta kama shi. Ya je wurin wani malami suka shirya: kwana 4 a mako ya yi karatu, kwana 2 ya yi wa malamin aiki. Wata 6 ya yi haka. Ya iya ɗan karatu, da rubuta sunansa, da lissafi kaɗan.

A 1817 aka naɗa shi ƙaramin alƙali. Rubutunsa bai nuna ba tukuna, sai ya dinga gwadawa har ya iya rubuta sammaci da hannunsa. A 1821 aka zaɓe shi majalisar Tenesi, a 1827 kuma ya tafi babbar majalisar Amurka. Can ya yi ta neman a bar wa talakawa gonakin da suka sare da gatarinsu a kan kuɗi kaɗan.

A 1830 Shugaba Jaksan ya so a yi dokar tashin Indiyawa, watau mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar, a kai su ƙetaren Kogin Misisifi. Cikin wakilan Tenesi duka, Kuroket kaɗai ya ce bai yarda ba. Dokar ta wuce, shi kuwa ya faɗi zaɓe a 1831. Ya sāke ci a 1833, ya kuma faɗi a 1835. Ya tafi Tekzas, aka kashe shi a yaƙin Alamo a 1836.

To, ku duba. Da bai zauna wata 6 ɗin nan ba, wa zai ba shi alƙalanci, balle ya tsaya a majalisa ya faɗi gaskiya? Gemu ba ya hana ilmi. Kowa ya ɗauko fensirinsa, mu ga wanda ya iya rubuta sunansa yau.