Daga Kainji Zuwa Rufin Ɗaki: Yadda Fanka Ke Juya Makamashi

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



An nemi in yi magana a kan fanka, abin da kowa ke gani a gida da aji da ɗakin shan magani, amma kaɗan ne suka san yadda take aiki. Rashin sanin nan yana cin kuɗinmu, wani lokaci har ya taɓa lafiyar tsofaffinmu a bazara.

Masana kimiyya sun tabbatar cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sauya kama. Mai fifita da mafici, ƙarfin tuwon da ya ci ne ya koma motsin hannu, motsin hannu ya koma iska. Haka fanka take, illa dai tuwonta daga nesa yake zuwa. A madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, ruwan Kwara ne ke gangarowa ya juya injuna su haifar da wutar lantarki. Haka ake yi a Jebba da Shiroro, ko da yake mafi yawan wutar Nijeriya daga tashoshin iskar gas take fitowa.

Idan wutar ta shiga fanka, sai ta bi ta naɗin wayar tagulla, naɗin ya zama maganaɗisu mai kewayawa, ya ja kan fankar, fukafukai su turo iska. Michael Faraday na Ingila ne ya fara nuna cewa lantarki na iya juya abu a 1821, Nikola Tesla kuma ya yi wa irin wannan injin rajista a Amurka a 1888. Akwai kuma ɗan kafasita mai taimaka mata tashi. Idan ya raunana, za ku ji tana gurnani ba ta juyawa sai an tura ta da sanda. Ruwa ba ya tsami banza: a kashe ta a kira mai gyara, domin wutar da ta kasa zama motsi zafi take zama, ta ƙone naɗin.

Jama'a, a lura da wannan: fanka ba ta sanyaya ɗaki. Duk wutar da ta sha, daga ƙarshe zafi take komawa. Abin da take yi shi ne busar da gumin jiki, gumin kuwa idan ya tashi sai ya tafi da zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa. Saboda haka fankar da aka bari tana juyi a ɗakin da babu kowa asara ce zalla. Fankar sama mai wat 75, idan ta yi awa 10 kullum, a kwana 30 ta ci yunit 22 da rabi. Aji mai fanka huɗu ya ci yunit 90 ke nan.

Don haka ina ba kwamitin ayyuka shawara uku. Ta farko, in za a sayi fanka don makarantu da asibiti, a duba wat ɗin da aka rubuta a jikinta. Akwai sababbi masu cin ƙasa da rabin wutar tsofaffi. Ta biyu, inda aka kafa sola, a zaɓi fankar da ke shan wuta kai tsaye daga batir, domin duk sauyin da aka yi wa wuta sai wani abu ya zube a hanya. Ta uku, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa idan zafin wuri ya haura digiri 40, iskar fanka ƙara wa jiki zafi take yi. A irin ranakun nan na Afrilu da Mayu, a jiƙa jikin tsoho da marar lafiya da tsumma mai ruwa, a yawaita ba su ruwan sha, kada a dogara ga fanka kaɗai. Rigakafi ya fi magani.