Tafiya Neman Biri Mai Ganga



Yau kafin mu shiga karatu zan ba ku labarin wata dabba. Kowa a nan ya san jan biri, maɓarnacin gona. To, akwai wani babban biri da babu irinsa a ƙasar Jega, ko Aliero, ko Maiyama. Baƙi ne wuluk, ba shi da wutsiya, hannunsa kamar na mutum. Turawa suna ce masa cimfanzi. Hausawan Gashaka kuwa suna kiransa biri mai ganga.

Me ya sa? Kun san gindin rimi, yadda saiwarsa take fitowa da faɗi kamar allo. Irin wannan saiwa yake duka da hannu da ƙafa, sautin ya tafi nesa, 'yan'uwansa su san inda yake.

Wanda yake son ganinsa sai ya nufi gandun dajin Gashaka-Gumti, a jihohin Taraba da Adamawa, kan iyakar Kamaru. An mai da shi gandun ƙasa a 1991, kuma duk Nijeriya babu gandun da ya kai shi girma. A can Cappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar nan, kusan ƙafa 8,000.

Tafiyar ba ta rago ba ce. Da rani ake zuwa, don da damina koguna sukan cika. Daga Jalingo a bi ta Bali zuwa Serti, inda ofishin gandun yake. Daga nan mota ta kai mutum ƙauyen Gashaka. Sauran kuwa sai a ƙasa, sa'o'i ana hawa ana gangara, har Kwano, inda masu bincike suka fara zama a shekara ta 2000. Ba a shiga sai da ma'aikacin gandu. Ba hayaniya, ba a kuma matsawa kusa, don mura da tarin mutum suna kama birin, har su kashe shi.

Ku lura, ba kowa yake dacewa ba. Birin yana gudun mutane. Wani sai ya yi kwanaki, ba abin da zai ji sai ganga daga nesa. Amma mai jagora yakan karanta daji kamar yadda kuke karanta takarda. Zai nuna sheƙa a bisa itace, gama kowane dare birin yana lanƙwasa rassa ya yi sabon makwanci. Zai nuna sandunan da ya gyara ya zura cikin rami don ya lashi zuma, ko ya kwaso kwarkwasa ya ci.

Da Turawa sun ɗauka mutum kaɗai yake ƙera kayan aiki. A 1960 wata Baturiyar Ingila, Jane Goodall, ta ga irin wannan biri yana kama gara da tsinke a dajin Gombe. Ba Gombe tamu ba, wata ce a Tanzaniya. Ashe biri ya yi kama da mutum!

To, ga abin tunani. Irin wannan biri na Nijeriya da Kamaru bai kai 10,000 ba a duniya. Macen tana haihuwar ɗa guda, sai bayan shekara biyar ko fiye ta sake. In an kashe uwa ɗaya, an yi babbar ɓarna. Abu biyu suka taimake shi a Gashaka. Na ɗaya, Musulmin wurin ba sa cin naman biri. Na biyu, manyan itatuwa suna nan tsaye. Ran da aka sare su, ba abinci, ba makwanci, ganga ta yi shiru.

Jama'a, ku tambayi tsofaffinmu namun da suka gani a dajin nan suna yara. Ina suke yau? Gatari da wutar daji suka kore su. Yawancinmu ba za mu je Gashaka ba, amma kowa yana da itace a gonarsa. Kada mu cinna wa daji wuta. Wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu, ya tsare su daga awaki.

Allah ya sa mu gane. Yanzu kowa ya ɗauki fensir ya rubuta: biri mai ganga.