Harsashin Abokin Gaba da Sakacin Gida: Haƙƙin Soja a Gaban Doka

 

Da na gaya wa wani abokina cewa an gayyace ni in yi magana a kan kare lafiyar soja a wurin aikinsa, dariya ya fashe da ita. Ya ce, "Malam, mutumin da sana'arsa shiga wuta ce, wace kariya kuma? Ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa." Ban yi masa musu ba, don yana da gaskiyarsa. Yaron da ya tafi Difo a Zariya, aka aske masa kai, ya sha horo na watanni, ya yi rantsuwa, ya san wata rana zai tsaya inda ake ruwan harsashi. Ya amince, iyayensa ma sun sa masa albarka a kai. To amma shin ya amince a ɗora shi a motar da birkinta ya mutu? Ya amince a kwantar da 'ya'yansa a gefen tsofaffin bama-baman da ba a duba ba? Haɗarin da abokin gaba ke kawowa daban, haɗarin da sakacin gida ke kawowa daban, kuma dokokinmu sun cusa su a buhu guda sun ɗaure baki. Abin da ya kawo ni gabanku ke nan.

Mu fara da Ikeja. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002, wuta ta isa rumbun makamai na barikin Ikeja a Legas. Bama-bamai suka riƙa tashi suna faɗawa unguwanni, jama'a suka fita a guje ba su san abin da ya koro su ba, wasu ma sun ɗauka juyin mulki ake yi. Da duhu ya shiga, dubbai suka nufi wajen Oke-Afa, inda akwai wani babban magudanar ruwa da ciyawa ta lulluɓe shi kamar kainuwa. Suka taka suna zaton ƙasa ce. Mutum fiye da 1,000 suka rasu, da yawansu yara. Babu abokin gaba ko ɗaya a wurin. Iyalan sojojin da ke cikin barikin su ne maƙwabtan rumbun na farko, kuma ba su da wata ƙofa da za su buga tun kafin ranar su ce muna jin tsoron abin da aka ajiye mana a bayan ɗaki. Irin wannan ya faru a Mpila da ke birnin Brazzaville a 2012, ya kuma faru a barikin birnin Bata na ƙasar Equatorial Guinea a 2021. Wutar takan zo a rana guda, amma sakacin da ya haife ta shekaru yake yi yana taruwa.

Ku kwatanta da masaƙa a Bompai ko Sharaɗa. Doka ta bai wa sufeton ma'aikatar ƙwadago ikon shiga ya duba inji, ya duba hanyar tsira daga gobara. Idan inji ya cinye wa lebura yatsu, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta tanadi asusun da za a biya shi daga ciki, wanda masu ɗaukar ma'aikata ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya. Idan an cuce shi yana da ƙungiya, yana da kotun ma'aikata. Wannan doka ta 2010 kuwa ta faɗa ƙarara cewa ba ta shafi soja ba, sai farar hular da ke aiki a ƙarƙashin rundunar. Wato idan katanga ta faɗo wa akawu farar hula da kofur suna tsaye wuri guda a bariki, akawun ne kaɗai wannan doka ta sani. Dokar ƙwadago ita ma ta cire soja. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta hana shi shiga ƙungiya. Hatta Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, dokarta ta ɗaure mata hannu a kan abin da aka yi wa soja a ƙarƙashin dokar soja.

Kada in yi rashin adalci. Sojoji suna da nasu tsarin: akwai hukumar fanshonsu, akwai haƙƙin wanda ya nakasa a bakin aiki, akwai inshorar rai, akwai tallafin karatun marayu. Waɗannan ba ƙaramin abu ba ne idan sun isa hannun masu su. Sai dai dukkansu bayan aukuwa suke zuwa. Suna biyan kuɗin gawa, ba sa tambayar wa ya sa hannu a takardar da ta ce jirgin nan lafiyarsa ƙalau.

To ina soja zai kai kuka? Dokar Rundunonin Soja, wadda asalinta dokar mulkin soja ce mai lamba 105 ta 1993, ta ba shi hanya a sashe na 178 idan hafsa ne, da na 179 idan ƙaramin soja ne. Hanyar ita ce ya kai ƙorafi ga kwamandansa, daga nan ya riƙa hawa sama mataki-mataki, kuma sai ya ƙure wannan tsani kafin kotun waje ta saurare shi. A takarda abin ya yi kyau. A aikace, sau da yawa wanda ake ƙorafi a kansa shi ne matakin farko na tsanin. Shi ke rubuta rahoton da ƙarin girmanka ya dogara a kai, shi ke sa hannu a fas ɗinka, shi ke iya sa a kulle ka a gadurum. Duk wanda ya zauna da sojoji ya san karatun farko da ake biya wa kurtu: bi umarni tukuna, ƙorafi daga baya. A fagen daga wannan karatu shi ke riƙe da rai. Amma idan "daga baya" ba ta taɓa zuwa ba, abin da ke cikin ciki yakan nemi wata hanyar fita.

Mun ga hanyar da ya bi. A 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya sun tare hanya a Akure saboda alawus ɗinsu da ya maƙale. A 2009 kotun soja ta yanke wa 27 daga cikinsu ɗaurin rai da rai, daga baya aka sassauta. A watan Mayun 2014, a barikin Maimalari da ke Maiduguri, aka kawo gawarwakin sojojin da aka yi wa kwanton ɓauna, abokan aikinsu suka harzuƙa har suka buɗe wa motar kwamandan Runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, wuta. A watan Satumba aka yanke wa 12 hukuncin kisa. A Disamba aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci, su kuma laifinsu ƙin fita fagen fama, hujjarsu kuwa ba a ba su isassun makamai ba. Lauya Femi Falana ya tsaya wa da yawa daga cikinsu. A Disambar 2015 aka mayar da hukuncin mutum 66 ɗaurin shekara 10.

A fahimce ni da kyau, don na ga wasu iyayenmu 'yan mazan jiya sun gyara zama. Harbin motar kwamanda bore ne, kuma babu rundunar da za ta ɗore idan kowa zai zaɓi umarnin da zai bi. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A watan Yulin 2015, wajen bikin sallamarsa daga aiki, tsohon Babban Hafsan Tsaro Alex Badeh da bakinsa ya ce rundunar da ya jagoranta tana fama da ƙarancin kayan aiki. A shekarar ce kuma aka fara binciken kuɗin sayen makamai, inda aka yi zargin karkatar da dala biliyan 2.1. Abin da ƙaramin soja ya faɗa aka yanke masa kisa, shi babba ya faɗa a kan mumbari aka tafa masa. Da a ce akwai wurin da saje zai rubuta cewa an tura mu da harsashin da ba zai kai mu azahar ba, a bincika ba tare da an ci zarafinsa ba, wataƙila da ba a kai ga kotu ba.

Ita kanta kotun sojan ta cancanci mu ɗan tsaya a kanta. Babban hafsan da ya ba da umarnin kafa ta shi ke zaɓen waɗanda za su zauna a cikinta, galibi kuma na ƙasa da shi ne. Akwai lauyan soja da ke zama yana ba su shawara a kan doka, amma ba shi da ƙuri'a. Bayan an yanke hukunci sai hukumar soja ta tabbatar da shi. Wanda ake tuhuma yana da damar ɗaukar lauyansa, yana da damar zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara har Kotun Ƙoli, kuma waɗannan kotuna sun sha rushe hukuncin da aka yanke ba bisa ƙa'ida ba. Amma da wane kuɗi? Albashin kofur nawa ne da zai riƙe lauya shekara biyar? Sannan yawancin hukuncin da ke taɓa ƙananan sojoji ba ya ma kaiwa kotu. A ofishin kwamanda ake yin sa, a tsaye, cikin 'yan mintoci, babu lauya, kuma mutum na iya fita daga ɗakin an sauke masa igiya.

Daga Ingila muka gaji wannan fasali, su kuwa sun daɗe da sauya nasu. Sun soke matsayin hafsa mai kafa kotu da dokarsu ta 1996, sa'ad da ƙarar wani soja mai suna Findlay ke gaban kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai, wadda ta ba shi gaskiya a 1997. Tun 1987 suka cire sashen dokar da ya hana soja neman diyya daga gwamnati a kotu. A 2013 iyalan sojojin da suka mutu a Iraƙi cikin wasu motocin Land Rover marasa isasshen sulke, waɗanda sojojin da kansu ke kira akwatin gawa mai tafiya, suka kai har Kotun Ƙolin ƙasar. Kotun ta ce kariyar da doka ta bai wa kwamandan da ya yanke shawara cikin ƙurar yaƙi ba lallai ta rufe wanda ya zauna a ofis, nesa da fagen daga, ya zaɓi irin kayan da za a saya ba. Wannan rarrabewar ita nake so ɗalibanmu na shari'a su riƙe.

Kada kuma a ɗauka ko'ina a Yamma an warware matsalar. A Amurka, wani Laftanar Feres ya mutu a gobarar bariki, matarsa ta kai ƙara tana zargin sakaci, Kotun Ƙoli ta ce a 1950 soja ba ya ƙarar gwamnati a kan abin da ya same shi ta dalilin aikinsa. Har yau hukuncin na nan. Sai a 2022 majalisarsu ta buɗe wa waɗanda suka sha gurɓataccen ruwa a sansanin Lejeune tsakanin 1953 da 1987 ƙofar kotu, bayan da yawa sun riga mu gidan gaskiya. Ni wanda ya fi burge ni shi ne tsarin Jamus. Tun 1959 majalisarsu take da kwamishina na musamman a kan sojoji. Kowane soja na iya rubuta masa kai tsaye ba tare da ya bi ta hannun kwamanda ba, doka ta hana a hukunta shi saboda haka, shi kuma kwamishinan yana iya dira kowane bariki ba sanarwa. Afirka ta Kudu ta kafa ofishi mai kama da wannan a 2012. Ban ji an ce horon sojan Jamus ya lalace ba. Majalisarmu ta Tarayya tana iya yin irin wannan doka a zama guda idan ta ga dama.

Akwai wani ɓangare da ya fi kusa da mu a nan, kuma shi ne ya fi kawo mata ofishina da hawaye. Yaro ya shiga soja yana ɗan shekara 19, aka miƙo masa takarda ya rubuta wanda za a nema idan ta Allah ta kasance. Ya rubuta sunan yayansa. Shekaru suka wuce, ya yi aure, ya haifi uku, takardar tana nan yadda take. Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mini da goyo, mijinta ya rasu a Arewa maso Gabas, haƙƙinsa ya fita, amma da sunan wan miji ya fita. Ga wa'adin tashi daga gidan bariki ya matso. Shi yayan a zatonsa tunda sunansa ke takarda kuɗin nasa ne. Malamanmu da ke nan sun san ba haka ba ne: sunan da ke takarda ba ya soke rabon gadon da Allah ya yanke wa mata da 'ya'ya da iyaye. Sai da muka haɗa da dattawan dangi da alƙali kafin marayun suka ga wani abu, bayan an riga an ci rabi. A Amurka, kafin a tura soja yaƙi, lauyoyin rundunar kan zauna da shi kyauta su rubuta masa wasiyya da takardar wakilci, kuma doka ta ba shi damar a dakatar da ƙarar bashi ko ta haya da aka kai shi har ya dawo. Mu nan soja yana Sambisa ana iya sayar da filinsa a gida, babu mai tsaya masa.

Wannan gyaran ba sai an jira majalisa ba. Ina roƙon reshen ƙungiyar lauyoyi na wannan gari, da asibitin shari'a na tsangayarmu inda ɗalibai ke taimaka wa marasa hali, su nemi izinin hukumomin bariki su ware rana guda a kowane wata. A kafa tebur kusa da kasuwar mami, a sami lauya guda da malami guda masanin gado, soja ya zo da matarsa a duba sunan da ke takardarsa, a rubuta wasiyya, a gaya wa matar takardun da za ta adana da ofishin da za ta nufa. Ni na ɗauki Asabar ɗin farko, wanda zai ɗauki ta biyu ya same ni a bakin ƙofa bayan an tashi.