Waken Samaru da Nauyin da ke Kan Masu Ilimi

Mai girma shugaban taro, iyayenmu, malamai da ɗalibai, 'ya'yan Ƙofar Na'isa na gida da na nesa.

Yau waken ƙosai ma ya zama abin muhawara. A shekarar 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka sa wa ƙwayar halitta daga wata bakteriya ta cikin ƙasa, domin ya kare kansa daga tsutsar da ke cinye furensa da kwansonsa. Manomin da kan yi feshi sau shida zuwa takwas, sau biyu ya ishe shi. A 2024 kuma aka fitar da masarar TELA.

Muna jin 'ya'yanmu na jami'a da malamansu sun rabu biyu: wasu na yabo, wasu na cewa makirci ne. Mu da muka ga 2003, sa'ad da jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano, mun san illar maganar da ba a tantance ba. Ƙananan yara ne suka ɗanɗana kuɗarta.

Ba mu ce a karɓa ido rufe ba. Wa ke da ikon irin? Nawa talaka zai saye shi? A kasuwar Dawanau, yaya mai saye zai bambance shi da na gargajiya? Tambaya rabin ilimi ce. Ku kai waɗannan tambayoyi Samaru da hukumar NBMA mai ba da izini, ku dawo mana da amsa cikin Hausa. Abin da muka tura ku makaranta dominsa ke nan.

Allah Ya yi mana jagora.